Duna da Guntu

Ranar wata Talata da hantsi, a shekarar 1972, Mai Unguwa Kabo ya jingine kekensa a ƙofar caji ofis na Gaya, ya shiga yana haki.

"Ranka ya daɗe, an sace bindiga jiya a wani gida a Gafasa. Karnukan gidan kuma sun haukace, amma matar ta hana a kashe su."

Sufeto Datti ya ɗauki hularsa. Bindiga a hannun wanda ba a sani ba, ai ba ta zama ba ce. Kafin azahar motar ofis ta sauke shi a ƙauyen, shi da kurata biyu.

Ya tarar da maza sun fi ashirin a ƙofar gidan, kowa da kulki. Wata dattijuwa ta tokare bakin zaure da taɓarya a hannu. Ita ce Hansai, matar marigayi Inuwa maharbi.

"Duk mai son kashe mini kare, ya fara ta kaina," in ji ta.

"Inna, ajiye taɓaryar. Me ya faru?"

"Duna da Guntu uwarsu ɗaya, shekara biyar a kwano ɗaya suke ci. Jiya da la'asar sai na ji sun kaure a bayan gida kamar za su cinye juna. Sai da na sheƙa musu tulu biyu na ruwa suka rabu. Ina dawowa na ga ɗakin maigida a buɗe, babu bindigarsa."

"Da ma suna barin mutum ya shiga ɗakin?"

"Ni kaɗai."

Wani dogo ya matso daga cikin taron. Barau ke nan, ƙanen marigayin. "Yallaɓai, hauka ne. A kashe su tun ba su ciji yaran mutane ba."

"Kai kana ina jiya da la'asar?"

"Ina Balan, wajen gaisuwar mutuwa."

Sufeto ya shiga gidan. An ɗaure karnukan nesa da juna, kunnen Guntu a yage. Ya sa aka ajiye wa kowanne ruwa, suka shanye tas. Babu dalalar miyau, babu jan ido. Abin da ya lura da shi kawai, duk su biyun kusurwa ɗaya ta danga suke fizgar igiya su nufa, suna kuka ƙasa-ƙasa.

Ya zagaya bayan dangar. Ga turke sabon kafi, da guntun igiya irin wadda makiyaya ke ɗaure maruƙa da ita. Ga kuma sawun kare birjik, amma ƙanana, ba irin na Duna da Guntu ba.

"Wa ke da karya a kusa da nan?" ya tambayi Mai Unguwa.

"Sai dai Hamma, a ruga."

Suka sami Hamma yana gyaran shinge. "Karyata ba ta taɓa barin ruga ba," ya ce, yana kallon gefe.

Sufeto ya nuna wata jar karya da ke kwance a inuwa, karnuka uku na zagaye ta. Ragowar igiya na wuyanta. Ya haɗa bakinta da guntun da ke hannunsa, suka yi daidai.

"Hamma, maganar bindiga ce fa. Kana so ka ɗauki laifin wani?"

Hamma ya saki ƙayar shingen da ke hannunsa. "Barau ne ya are ta, wai zai je farauta. Na ce masa tana cikin kwanakin neman namiji, karnuka za su dame shi. Ya ce ba komai. Da magariba ta dawo da kanta, ta tsinke igiya."

Da suka koma tare da Hamma, taron bai watse ba. Sufeto ya tsaya a tsakiya.

"Karnukan nan lafiyarsu ƙalau. Mace aka ɗaure musu a bayan danga, suka yi faɗa a kanta. Wanda ya ɗaure ta ya san halin kare, ya kuma san Inna za ta bar ƙofa ta je rabiya." Ya juya. "Barau, Hamma na cikin mota. In kira shi, ko ka faɗa da bakinka?"

Barau ya yar da kulkinsa, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Tana cikin rumbuna. Ni na ɗauka, kuma ban yi nadama ba. Bindigar ubanmu ce. Ina ɗan maharbi, ƙanen maharbi, a ce mace ta rataye ta a bango ina fita daji da sanda?"

"To karnukan fa? Me suka yi maka da kake neman a kashe su?"

"Sau biyu suna yaga mini wando a ƙofar ɗakin ɗan'uwana!"

Hansai ta dube shi. "Yayanka da bakinsa ya ce kada a ba ka ita, tun ranar da ka harbi maraƙin mutane ka ce barewa ce. Ni amana na riƙe."

Wani kurtu ya fito da bindigar daga cikin damman gero. Ɗayan ya sa wa Barau ankwa.

"Ko gaban alƙali haka zan faɗa!" Barau ya ɗaga murya ana tura shi mota.

Sufeto ya dubi Hansai. "Ki raba musu wurin kwana da kwano, mako guda. In warin karyar ya gushe za su shirya. Kunnen nan kuma a wanke shi da ruwan gishiri."

"Na san karnukana. Bindigar fa?"

"Shaida ce, Inna. Sai an gama shari'a."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta dubi mazan da ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

"To ka adana ta da kyau, ɗan nan. Ranar da aka gama, da ƙafata zan zo Gaya in karɓa."