Na Ƙasan Jeri

Ranar da ta fara ganinsa, tsaye yake a bayan kujerarta da kofin shayi a hannu, yana leƙen kwamfutarta kamar mai neman sunansa a sakamakon jarrabawa.

Aikinta a gidan jaridar shi ne kowace safiya ta aika buƙata ta API, ƙofar da shafinsu ke miƙo bayanai ta cikinta, ta jawo jerin labaran da aka fi karantawa, ta kai wa edita. Shi kuwa wakili ne mai rubutu kan fasassun bututun ruwa, abin da ba mai dannawa.

"Ranki ya daɗe, ina nawa labarin?"

"Duba ƙasa."

"Na duba."

"To, ƙasan ƙasan."

Tun daga ranar ta laƙa masa Na Ƙasan Jeri, shi kuma ya rama da 'Yar Lissafi. Kafin wata uku tsokana ta zama so.

"'Yar Lissafina, ko duniya ta ƙi karanta ni, in dai kin karanta, ni ne na ɗaya," ya rubuto mata.

"Na karanta har sau biyu. Kar ka faɗa wa kowa."

Babanta ne ya ƙi. "Mutumin da ko abokan aikinsa ba sa karanta shi, da me zai riƙe ki? Ki bar ni in bincika."

Ana cikin haka, wata Litinin ta jawo jerin, sai ga labarin bututu a na tara. Ta goge gilashinta, ta sake jawowa. Na tara. Talata ya hau na huɗu. Ta canza mabuɗin shiga, ta kashe kwamfutar ta kunna, labarin yana nan daram. Kanta ya ɗaure tam.

Mai shafin ƙwallo, wanda ya saba zama na ɗaya kuma ya daɗe yana shige mata, ya matso. "Ki tona da kyau. Wasu da kansu suke danna labarinsu."

Ta tona. Dubban buɗewa, duk daga adireshin intanet guda ɗaya. Edita ya ce ta kawo rahoto ranar Juma'a, in maguɗi ne yaron ya tattara nasa ya nasa.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta rubuta wa Na Ƙasan Jeri: "Don ka burge Baba ka yi wannan? Gara min kai a ƙasa da gaskiyarka."

"Wallahi ni ma tsoro ya kama ni. Ko ni ban taɓa karanta kaina sau biyu ba."

Ta shiga banɗakin ofis ta yi kuka.

Alhamis da la'asar ta zauna a gida za ta rubuta rahoton. Ta dubi adireshin mai laifi, ta dubi na intanet ɗin gidansu. Lamba ɗaya ce. Ta ƙirga lambobin da yatsa, ta sake ƙirgawa.

"Ni ce? Yaushe?"

A falo ta tarar da Baba gaban tsohuwar kwamfutarsa, tabarau a karan hanci. Labarin bututu a buɗe har shafi arba'in da uku, kowanne yana sabunta kansa duk minti biyar, kuma duk sabuntawa ƙirgawa ake yi.

"Baba, me ke nan?"

"Bincike. Buɗewa na iya, rufewa ce ta gagare ni." Ya gyara zama. "Yaron nan ya san aikinsa. Bututun layinmu shekara biyu ina kai ƙara, shi ya rubuta sau ɗaya, jiya aka gyara. Ki ce ya turo manyansa."

Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa biyun. Ta ba Na Ƙasan Jeri haƙuri a waya, ta ba edita gaskiya a rubuce.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon ya daɗe yana sa albarka: Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a ta gari.

Da ta koma aiki ta jawo jerin, ta tura masa: "Angona, ka koma ƙasan ƙasan."

"Alhamdulillahi," ya amsa. "Ashe Baba ya koyi rufewa."