Tantuna Tara a Bakin Tafki

Kwana biyar bayan girgizar ƙasa ta rushe gidaje a garin Karonga da ke bakin tafki, Tupokiwe, sakatariyar ƙungiyar matan unguwa, ta faɗo ofishin 'yan sanda tana haki.

"Sufeto, an kwashe mana tantunan agaji tara daga ɗakin ajiya!"

Sufeto Lusekelo Mwakilama ya bi ta. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa ƙalau.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da shugabarmu, Mama Nyakaonga."

Shugabar na tsakar gida sanye da tabarau tana tuƙa tuwon masara, mutane sun yi layi. Ita ta koya wa Sufeton karatu a firamare.

"Lusekelo, ka rame. Zauna ka ci."

"Ina kan aiki, Malama. Ina makullinki?"

"Ya ɓace tun ranar girgiza," ta ce, ba ta ɗago ba.

A bayan ɗakin ya ga sawun amalanke cikin laka. Ya bi shi har ƙofar Gwamaka mai shanu.

"Na rantse, ranka ya daɗe, shanuna ba su fita ba tun Lahadi."

"To yashin tafkin da ke kofatonsu fa? Shi ya zo gaishe su?"

Gwamaka ya hau sosa ƙeya.

A bakin tafki ya tarar da tantunan tara a kafe, cike da iyalan masunta daga tsallaken iyaka.

"Ba mu da katin ƙasa, aka ƙi rubuta sunanmu," in ji wata tsohuwa. "Kwana uku ruwa na dukanmu da jarirai. Sai wata mai tabarau ta zo, ta yi mana faɗa kan wanke hannu, ta bar mana waɗannan."

Da ya dawo, Mama Nyakaonga ta riga ta ɗauki jakarta.

"Ni ce. Masu ba mu kayan sun ce sai mai kati. Na kasa kallon jariran nan. Gwamaka aikensa na yi, ka ƙyale shi."

"Dole mu je ofis, Malama."

"Na sani. Amma kada a ƙwace musu tantunan."

"Sun zama shaida. Ba mai taɓa su sai kotu ta zauna."

"Yaushe ke nan?"

"Bayan damina."

Ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Sannan ta miƙa wa Tupokiwe muciya, ta kama hannunsa, suka tafi a hankali saboda ciwon gwiwarta.