Ƙofa Biyu, Mutum Uku

"Ƙofa nawa gare ta?"

Sharfaddeen ya ɗago kai daga kwalin da yake liƙa wa salatif. Najiba ce tsaye a bakin ofishinsa na kago, wato jigilar kaya, can saman wani bene a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou. Ko sallama ba ta yi ba.

"Sahibata, shigo mana..."

"Na ce ƙofa nawa gare ta!"

"Biyu."

"Mu nawa ne jiya?"

Mutumin da kallo ɗaya ke isar sa ya faɗi kwali nawa kwantena za ta ci, yau uku ta gagare shi.

"Uku, Sharfa! Ni, da kai, da uwar da ta haife ni!"

"Ki rage murya, zuciyata, akwai mutane..."

"Au! Yau ka san akwai mutane?"

Karatun Sinanci ne ya kawo Najiba Guangzhou. Da ta gama sai ta zauna tana yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta, tana tuƙa su masana'antu a motar kamfani. A nan ta haɗu da Sharfaddeen, dogo, mai fara'a, mai cika alkawarin kaya. Mahaifinta ya rasu, ƙaninsa Kawu Babayo ne zai ba da aurenta. Shi kuwa Kawu ya sauke nauyin a kan mahaifiyarta: duk abin da Hajiya Hasiya ta gani ta faɗa, shi zai yi. Hajiya ta ce ba za ta ba da autarta ga wanda ta sani a waya kawai ba. Ta hau jirgi da ciwon gwiwarta ta taho.

Sharfaddeen ba ya shan taba, ba ya yawo, ba ya wasa da salla. Allah sai ya jarrabe shi da mota.

'Yar Amurka ce, irin masu faɗin ƙirjin nan na da, da kamfani ya sake wa zubi. Ya saye ta a hannun wani lawban, wato maigida, mai masana'antar takalma a Panyu, wanda maƙwabta suka gaji da kai ƙararsa. Baƙa wuluk, an faɗaɗa mata ƙugu, an sauke ta ƙasa har kamar tana shinshinar kwalta. Injinta silinda takwas, ƙarfin doki ɗari bakwai da ɗoriya. Tayoyin baya faɗin tabarma, burki ja kamar farantin biki. Akwai madannin da ke buɗe mata salansa ta yi gurnani, akwai kuma na tashi: ka danne burki da totur tare, ka saki burkin, kafin ka ƙarasa bisimilla ta kai ɗari.

Duk wannan a garin da kowane falwaya ke da kyamara, inda mai kai abinci a kan babur ɗin lantarki ke wuce ta a cunkoso ko waiwaye ba ya yi.

Najiba ta haddace waɗannan bayanai ba don ta so ba. Wasu matan ana rera musu baitoci. Ita silinda ake ƙirga mata.

Tun kafin Hajiya ta taso Najiba ta gargaɗe shi.

"Ka ɗauko hayar bas ɗin nan ta 'yan kasuwa. Umma tana da jiki, ga gwiwa."

"Umma a motar kwali? Allah ya kiyaye! Bar mini wannan, sarauniya."

Ta bar masa. Kuskurenta ke nan.

A filin jirgi komai ya fara da kyau. Ya zo cikin farar shadda, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Hajiya ta amsa tana kallon gefe, yadda ya kamaci uwa a gaban mai neman 'yarta, amma Najiba ta ga gefen bakinta ya motsa. Ya ci rabin jarrabawa ke nan.

Sai aka isa wajen mota.

Hajiya ta zagaya ta dama, ta zagaya ta hagu.

"Auta, ina ƙofar tawa?"

"Umma... ko za ki zauna a gaba?"

"A gaba? Kafaɗa da kafaɗa da shi? Kina da hankali kuwa?"

Ta gwammace ta koma Kano a ƙasa. Sharfaddeen ya yi sauri ya kwantar da kujerar gaba, ya leƙa baya. A fuskarsa Najiba ta gane cewa tun da ya sayi motar, ranar ce ya fara leƙa wurin.

Wuri ne da aka yi wa jakar hannu, aka saka masa suna kujera.

Hajiya ta shiga a sunkuye, tana salati. Gwiwoyinta suka haɗu da haɓarta. But ɗin ya ci akwati ɗaya ya ce ya ƙoshi, sai aka ɗora mata buhun kuka da daddawa a cinya. Da ya tsaya a nan, da wataƙila an yafe. Amma da suka hau babban titi ya ga fili a gabansa, sai shaiɗan ya raɗa masa cewa ai baƙuwa ba ta ga komai ba tukuna.

Ya danna madannin salansa. Motar ta yi ruri, ta zabura. Kan Hajiya ya manne da kujera, ɗankwali da mayafi suka zame.

"Innalillahi! Auta! Ki ce masa ina da marayu!"

Mafi muni yana gaba. Sun isa otal a Xiaobei bayan la'asar, lokacin da 'yan Kantin Kwari ke zaune a ƙofa suna shan shayi, rabinsu sun san marigayi mijinta. Gwiwar Hajiya ta riƙe. Najiba ta ja, ta ja, ta kasa. Sai Sharfaddeen, cikin ruɗewa, ya sa hannu biyu ya kama damtsen Hajiya ya finciko ta waje, kanta ba lulluɓi.

Babu wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ɗauko waya. Kafin magariba labari ya isa Kano.

"Girmama ta na so in yi," in ji Sharfaddeen yanzu, salatif a hannunsa. "Wallahi mafi tsadar abin da na mallaka na kai mata."

"Kanka ka girmama!"

"To zan sayar da ita. Yau ɗin nan. Akwai wani Mahamudu ɗan Kumasi da ya daɗe yana roƙo na..."

"Ka sayar ka sayo wata! Kai har yanzu ba ka gane ba." Ta nuna shi da yatsa. "Ka san silinda, ka san doki, ka san irin man da take sha. Amma ba ka taɓa tambayar kanka wa zai zauna a baya ba. Ni ba ni kaɗai zan shigo rayuwarka ba, Sharfa. Ina da uwa!"

Ta juya ta fita. Lif ɗin ya ƙi zuwa, ta tsaya tana jiran sa a fusace, shi kuma yana leƙen ta daga ƙofa. Ko fushi ba a barin mutum ya yi shi da mutunci a waɗannan benaye.

Hajiya ta kulle kanta a ɗaki. Sharfaddeen ya aiko da 'ya'yan itace, ta mayar. Ya aiko da man zafi na gwiwa, ta riƙe man ta mayar da ledar. Ya zo da kansa ya durƙusa a bakin ƙofa, ta ce a gaya masa da yaren garin: meyo. Babu. Kalmar da ta koya ke nan a China, ta kuwa ishe ta.

"Umma, kuskure ne fa," in ji Najiba.

"Kuskure? Hannuna ya kama, Auta."

"Da ya bar ki a ciki?"

"Da ya bar ni! Da na kwana a ciki!" Hajiya ta juyar da kai wajen taga. "Tun da babanki ya rasu ba namijin da ya ga gashin kaina. Sai ga shi abokansa sun gani, a titin China, ana jan ni kamar buhun masara."

Hajiya ta ci gaba da magana.

"Ba mugu ba ne, na gani. Amma yaron da bai tanadar mini wurin zama a mota ba, a gidansa zai tanada? Gobe zan koma. Da na sauka zan ce wa Babayo a mayar musu da kayansu."

"Umma, ina son sa..."

"Na sani. Shi ya sa nake jin haushi."

Najiba ta shige banɗaki ta kunna famfo ta yi kukanta. Tana jin haushin uwarta, tana jin haushin Sharfaddeen, tana jin haushin wani Ba'amurke da ba ta sani ba, wanda ya zauna a ofis ya zana mota ya manta mutane suna da surukai.

Da safe Sharfaddeen ya iso ƙofar otal da bas ɗin haya, fara, mai ƙofar ja. Idanunsa sun faɗa. Najiba ta sauko ita kaɗai ta dube shi, ta dubi bas ɗin.

"Sallami direban. Je ka ɗauko taka."

"Najiba, so kike ta tsine mini?"

"Ɗauko ta na ce."

Ya ɗauko. Tun daga kwana aka ji gurnaninta, 'yan Kwari suka gyara zama. Najiba ta miƙa hannu.

"Makulli."

Ya dubi hannun kamar ta ce ya ba ta ƙodarsa. Ko mai wankin mota bai taɓa zama a wannan kujera ba.

"Sahibata... doki ɗari bakwai ne fa. Ba irin motar kamfaninku ba ce. Bayanta yana zamewa idan aka..."

"Na iya da kai, doki ne zai gagare ni?"

"To ni ina zan zauna?"

Ta kwantar da kujerar gaba, ta matsa gefe.

Ya dubi ramin. Ya dubi 'yan Kwari, waɗanda da yawansu shi ke loda musu kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, suna ce masa Alhaji tun bai je Makka ba. Idan ya ƙi, Najiba ta san ba sai Kawu Babayo ya mayar da komai ba, ita za ta mayar.

Ya cire hularsa. Ya sa makullin a tafin hannunta. Ya tattare shaddarsa ya shiga, kai da farko.

"Alhaji, a kawo maka man shanu?" wani ya ɗaga murya daga benci.

Wannan karon an yi dariya, har da tafi. Najiba ta sa aka ɗora masa ƙaramin akwatin Hajiya a cinya, ta mayar da kujera har sai da ta ji ya ce wash.

Da Hajiya ta fito ta tsaya cak. Ta ga 'yarta a sitiyari, ta ga ƙofar gaba a buɗe, ta sunkuya ta ga wasu idanu biyu a bayan akwati. Ta gyara mayafi, ta shiga ta zauna, ta miƙe ƙafarta sosai.

"Auta, kujerar nan tana ƙara matsawa baya?"

"Tana yi, Umma."

"Matsa mini."

Suka kama hanya. A tudun rage gudu na farko ƙasan motar ya gogi kwalta, ƙuuu! Wani sauti ya fito daga baya, irin na wanda aka taka wa ƙafa a sahun salla. Amma bai yi magana ba. A na biyu ma bai yi ba. Najiba ta dube shi a madubi: gumi ya jiƙa masa wuya, ya cije leɓe, idanunsa a kanta. Haushinta ya nemi ya gudu, ta riƙe shi da ƙyar.

Da suka hau babban titi ya yi gyaran murya.

"Umma... na yi wauta. Ban yi tunaninki ba, kaina na yi wa tunani. Don Allah ki yafe mini. Kada ki raba ni da ita."

Hajiya ta ci gaba da kallon gaba.

"Auta, me ya danna rannan?"

"Wannan ne, Umma."

"Danna."

"Umma, akwai kyamara..."

"Motarki ce? Danna."

Najiba ta danna, ta taka. Salansa ta buɗe, injin ya yi ruri, gadoji suka taho da gudu. Akwatin ya daki haɓar Sharfaddeen, ƙum! Hajiya ta dafe ɗankwalinta da hannu ɗaya tun kafin a tashi, domin ita ta riga ta yi karatu.

"Ya isa," ta ce bayan ɗan lokaci. Ta yi ajiyar zuciya. "Hm. Daga nan gaba ba laifi."

A filin jirgi Hajiya ta fita da ƙafarta, a tsanake. Najiba ta kwantar da kujera ta janye akwatin. Sharfaddeen ya yunƙura, ya koma. Ƙafafunsa sun mutu. Ya gwada da kai, ya maƙale. Ya juya ya gwada da baya, takalmi ɗaya ya fita ya bar shi. Wani ɗan sanda ya fara busa usur yana nuna musu su matsa.

Hajiya ta tsaya riƙe da jakarta tana kallo. Ba ta yi sauri ba. Ta kalla har ta ƙoshi, Najiba kuwa tana gefe, hawaye sun cika mata ido, ba ta san ko sallama ce wannan ko hukunci ba.

"Ke kuma kin tsaya kamar gunki," in ji Hajiya. "Ƙara janye masa kujerar mana. So kike mijin naki ya yage wando a gaban Sinawa?"

Najiba ta juyo da sauri.

"Umma... me kika ce?"

"Ba na maimaita magana. Ɗauko mini akwati."

Daga cikin motar, da kai a ƙasa da ƙafa ɗaya a waje, Sharfaddeen ya fashe da kuka.