Ciyawar da Ba Ta Shan Ruwa

A ƙasar da akuya ke cin kwali saboda yunwa, duk wanda ya ce zai yi arziki da ciyawar da ba a ci, ko dai mahaukaci ne ko kuwa ya san wata hanya. Chindo ba mahaukaci ba ne.

Shi ne mai kula da filin ƙwallon wata lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Ƙonni. Sunan aikin ke nan. Ainihinsa tsince tsakuwa da zana layi da toka a kan jar ƙasa. A shekarun nan ne alhazan kan iyaka suka fara kallon filayen Turai a talabijin, kowa ya so koriyar ciyawa a ƙofar gidansa, suna kiranta gazon don kada a ɗauka abincin jaki ce. Chindo ya dasa kirikiri, ya zuba taki, ya ja tiyo har bayansa ya ƙage. Rani ya zo ya soye komai.

Da rana tsaka ya isa wurin Bawa, bokan da ke bayan ƙauyen Bazaga. Bukkar kara ce a gindin busasshiyar tsamiya. A ciki tukwane kife, gashin jan zakara manne da busasshen jini a jikinsu, ga ƙahon rago cike da baƙar ƙasa. A bakin ƙofa akwai ƙwaryar ruwa, ƙudaje na zagaya ta amma ba wanda ke sauka.

"Mai ciyawa, mi kake so?" in ji Bawa, bai ɗaga kai ba.

"Baba, ciyawa wadda rani ba ya kashewa."

"Komi mai rai sai ya sha. In ba ta sha ruwa ba, wani abu za ta sha."

Chindo ya ja da baya. "In mutum ne, ban iyawa. Ɗiya guda gare ni."

Bawa ya yi dariya. "Wa ya roƙe ka mutum? Ku 'yan birni kun cika tsoro." Ya tsoma yatsa cikin ƙahon, ya zaro wata saiwa, ya tofa mata yawu. "Dasa wagga, ka riƙa cirar iri daga gare ta. Sharaɗi guda: abin da ka yanke, ƙone shi nan inda ka yanke shi. Ko tsinke kada ya shiga gidanka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Chindo ya koma gida yana murmushi, yana ganin ya yi wa boka wayo. Bai tuna cewa a ƙasar nan aka haifi Bawa ba.

Filin lakwal ya yi kore shar. Alhazai suka yi ta aiko masa, daga Malbaza, daga Dogarawa, har daga Alela. Ya sayi injin yanka, ya sayi mota, ya rufa kwano. Tiyo kuwa don idon mutane kawai yake jansa, ciyawar ba ruwanta da ruwa. Duk yankan da ya yi, sai ya tara ya zuba fetur ya cinna wuta, makiyaya na tsaye bakin fili suna salati.

"Maigida," in ji matarsa Badi'a, "mata na yi mini dariya bakin rijiya. Sun ce mijina na ƙona ɗanyar ciyawa cikin rani, akuyar gidanmu na cin leda."

"Su yi ta dariya. Kwanon da ke kanki dariya ta rufa shi?"

Ya iya da matarsa, ya iya da mutanen gari. Bushira ce bai iya da ita ba. Shekarunta bakwai, kuma akuyar tata ce, kakarta ta ba ta. Akuyar ta haihu, ta kwanta, ko dusa ta ƙi ci.

"Baba, ba ta iya tashi," in ji Bushira, ta riƙe bakin rigarsa. "Ka kawo mata kaɗan. Ba ni faɗa ma kowa."

Ya yi lissafi irin na mai son kansa: dabba ce za ta ci, ba mutum ba, kuma cikin hannu ɗaya ne. Ya kawo a aljihu. Akuya ta ci ta miƙe, nono ya kawo, Badi'a ta tatsa ta dama wa 'yarta fura.

Daga nan ƙishirwa ta fara. "Inna, ruwa." Ta sha moɗa, ta sha ƙwarya, ta kusa ƙarar da randa, leɓɓanta na tsagewa kamar tabkin da ya ƙafe. A asibiti aka ɗaura mata ruwa, leda bayan leda, likita bai ga cutar komai ba. A hanyar komawa gida Chindo ya dubi filin lakwal. Bai taɓa ganinsa da kore haka ba, har raɓa ke sheƙi a kansa da azahar. Nan take ya nufi Bazaga.

"Baba, ka ce ba ka son mutum!" ya faɗa wa Bawa, yana durƙushe.

"Ban roƙa ba. Kai ka kai ciyawar gida. Saiwa ta sami rijiya, ba ni da ikon cire ta."

"Ka san zan kai!"

"Na sani. Wane ɗan ƙasag ga zai ƙona ciyawa ɗiyarsa na kuka? Da na ce ka ba ni ita, ai da ka gudu."

Chindo ya bi filayen ɗaya bayan ɗaya da fetur da fartanya. Ya ƙone, ya tone, ciyawar ta sake tsirowa. Alhazan da ya ɓata wa ƙofar gida suka haɗa shi da jandarma aka tsare shi, mota da injin suka tafi wurin biyan ɓarna. Ranar da aka sake shi Bushira ta cika. Da ya ɗauke ta, nauyinta bai kai na damin kara ba.

Badi'a na nan da rai. Tana yawo cikin gari da buta, duk yarinyar da ta gani sai ta tare ta: "Bushira, ga ruwa, sha kaɗan." Yara sun daina gudunta, sukan kurɓa su wuce.

A maƙabarta kuwa kabari ɗaya ne kore rani da damina. Kullum da safe Chindo kan je da lauje, ya yanke ciyawar da ke kan 'yarsa, ya ƙone ta nan take, ya kakkaɓe aljihunsa kafin ya fita. Yanzu ba wanda ya fi shi kiyaye sharaɗi.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, in boka ya ce bai son komai naka, tashi ka gudu. Ya riga ya ga abin da ka fi so a duniya, kuma ya san da hannunka za ka kai masa.