Katangar Ɗakin Auta

Auta tana zaune a falo tana goge farin kayanta na asibiti sai ga Kafinta ya yi sallama, fuskarsa kamar wanda aka yi wa mutuwa. Saura wata biyu aurensu. Ya gaishe da Umma, sannan ya miƙa takardar sammaci. Maƙwabcinsa ne ya kai ƙara, wai katangar sabon gidan ta shiga filinsa da taku uku, yana so a rushe. Katangar nan kuwa ita ce bangon ɗakin Auta, ɗakin da Kafinta ya kwashe shekara biyu yana ginawa, har gadon ciki da hannunsa ya sassaƙa.

Umma ko a jikinta. Ta ce ina abin tashin hankali ga mai lauya a gida? Nan take ta kira babban ɗanta, Yaya Barista, wanda sunansa ya zagaya gari wajen fitar da mutane daga hannun 'yan sanda. Ya iso da yamma, turarensa ya riga shi shigowa. Ya ɗan leƙa shafin farko, ya ajiye, ya ce a bar masa, kafin Juma'a zai sa a kama maƙwabcin ya kwana a ofishin 'yan sanda, bakinsa zai mutu.

Kafinta ya yi ta godiya, don shi mutum ne mai kunyar surukai. Auta ce ta kashe dutsen guga ta juyo.

"Yaya, shari'ar fili nawa ka taɓa yi?"

"Shari'a ai shari'a ce, Auta."

"To za ka je ka ga katangar?"

Ya yi dariya ya ce shi ba magini ba ne. A nan ne Auta ta faɗi maganar da ta tayar da gidan. Ta ce a asibitinsu ba a kai ciwon ido wurin likitan haƙori komai iyawarsa, don haka za su nemi lauyan da ya san harkar filaye.

Umma ta fashe da kuka. Ta ce Kafinta ne ya zuga ta, tun bai ɗauke ta ba ya fara raba ta da jininta, in kuwa haka ne a dakata da maganar biki. Yaya Barista ya ɗauki makullin motarsa ya fita ba sallama. Bawan Allah Kafinta, da bai ce uffan ba, shi ya kwashi laifin.

A bakin ƙofa ya roƙi Auta ta haƙura. Ya ce gara a rushe ɗaki goma da ya rasa ta. Auta ta share hawayenta, don abin ya yi mata ciwo sosai, sannan ta dube shi.

"Ba za ka rasa ni ba, ba kuma za mu rasa ɗakin ba. Kai dai ka ci gaba da zuwa gaishe da Umma, ko ba ta amsa ba."

Haka ya yi, sati uku yana durƙusawa ana kawar da kai. Ita kuma duk ranar hutunta, ita da shi suna hawa benen ofisoshin lauyoyi. Na farko ya yi musu rantsuwa za su ci shari'a tun bai buɗe fayil ba, Auta ta ja hannun rigar Kafinta suka fito. Na biyu yana ta amsa waya har suka gaji. Ta uku wata dattijuwa ce mai kaurin tabarau, ofishinta a saman kantin magani, fanka tana ƙara. Ta karanta takardun shafi-shafi, ta yi tambayoyi har Kafinta ya fara gumi, ta faɗa musu ladan aikinta a fili. Ta ce shekara ashirin ke nan tana wannan layin, kuma ba ta yin alkawari kafin ta ga ƙasa da idonta.

Washegari ta zo da mai awon filaye da tsohuwar taswirar unguwar. Suka ja igiya, suka tona, sai ga alamar siminti ta iyaka a binne ƙarƙashin akurkin kajin maƙwabcin, da lambarta raɗau. Ashe katangar ko kusa ba ta taɓa filinsa ba. Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba, ta kira lauyan maƙwabcin ta nuna masa. Aka janye ƙara, maƙwabcin ya ba da haƙuri, har ya yi alkawarin aron kujeru ranar biki.

Da labari ya kai gida, Yaya Barista ya daɗe yana juya takardar sulhun. Sannan ya dubi Umma ya ce da sun bi tasa, da yanzu an kulle mutum, an ɗaura gaba ta har abada, ɗakin kuma yana nan cikin shari'a. Ya juya ga ƙanwarsa.

"Sori, Auta. Ba ni lambar matar nan, akwai mutane biyu da nake ta ja musu rai."

Umma ta ce a miƙa wa Kafinta kujera, ya isa haka da durƙuso.

Ranar da Auta ta tare, ta dafa bangon nan tana murmushi. Haƙurin mijinta ne ya riƙe mata dangi, zaɓinta ya riƙe mata ɗaki. Duk mai neman lauya, kada ya tsaya ga suna ko zumunci, ya nemi wanda ya san irin matsalarsa, zai saurare shi, ya kuma taka ya je ya ga katangar.