Jajen Gonar Kawu Shitu

Akwai wata yarinya a Malumfashi mai son taɓa waya. 'Yan ajinsu sun shirya waƙar noma, za a nuna ta ranar bikin makaranta. Malaminsu, Malam Mannir, ya ɗauki bidiyon a gonar kawunta Shitu, can wajen Gozaki. Lokacin marka ne, masara ta yi kore shar.

Malam ya ba yarinyar aikin tace bidiyon. Ya ce, "Ki haɗa shi, ki gyara launi kaɗan. Amma kada ki tura wa kowa sai na gani."

A gida ta zauna ta yanke nan, ta liƙa can. Innarta ta leƙo.

"Ke wai me kike ta dangwala tun ɗazu?"

"Launi nake gyarawa, Inna."

"Launi? Rini ake yi a cikin wayar? Ni dai kada ki ɓata wa mutane abu."

Yarinya ta ga koren nan bai burge ta ba. Sai ta ja wani ɗan layi na canza launi a wayar, komai ya koma ruwan zinare, irin na bidiyon mawaƙa. Daɗi ya kama ta. Ta manta da maganar Malam, ta tura wa ƙawarta Bushra. Bushra kuwa ta tura wa yayanta, shi ma ya tura gaba.

Washegari sai ga Kawu Shitu a kan mashin, gumi sharkaf.

"Yaya, ni fa na rasa gane kan abin nan," in ji shi. "Tun safe mutane ke zuwa mini jaje. Wai gonata ta ƙone."

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wuta ce?"

"Wace wuta? Na je da gudu, na tarar da masarata lafiya lau. Na dawo, wani ya sake tare ni, wai Allah ya mayar da alheri. Sai ya nuna mini wannan."

Ya miƙa wayarsa. Ga yara suna waƙa, ga masara a bayansu duk ta koma rawaya.

Inna ta duba, ta sake dubawa. "To gonar ce ta bushe, ko wayar ce ta lalace?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Ni ce na canza launin. Na ga ya fi kyau."

"Kyau?" in ji Kawu. "Masara ta yi rawaya a tsakiyar marka, ki ce kyau? Ai ko ba taki, ko cuta ta shige ta. Ni da mutane ke zuwa neman iri a wurina, yanzu wa zai zo? A cire gonata daga waƙar nan!"

Yarinya ta fashe da kuka. In aka cire gonar, babu abin da zai rage. Wahalar 'yan ajinsu duk ta tashi a banza.

Inna ta yafa mayafi, ta ja ta har wurin Malam Mannir. "Malam, ni ban gane komai ba. Amma don Allah, rinin nan yana wankuwa?"

Malam ya yi murmushi. "Yana wankuwa, Inna." Ya dubi yarinyar. "Me na ce miki?"

"Kada in tura sai ka gani. Ka yi haƙuri, Malam."

"Ba ni kaɗai za ki ba haƙuri ba."

Ranar Asabar suka tafi gonar tare da Malam. Yarinya ta durƙusa ta ba Kawu haƙuri. Sannan ta kara wayar kusa da ganyen masara, tana jan layin a hankali. Kawu ya tsaya a kanta.

"Ƙara kore. Ƙara dai. Kai, tsaya! Yanzu kuma ya zama fenti. Rage kaɗan. Yauwa, wannan ce gonata."

Malam ya duba, ya amince. Aka tura sabon bidiyon, har da muryar yarinyar tana bayanin kuskurenta.

Ranar biki Kawu Shitu ya zauna a layin gaba. Da gonar ta bayyana, ya zunguri na kusa da shi. "Ka ga masara ko? Tawa ce."

Yara, gyara yana da kyau, amma kada ya canza gaskiyar abu. Kuma in babba ya ce ku nuna masa aiki kafin ya fita, to ku nuna masa.