Sa Hannun da Ba Nata Ba

Akwatuna biyu suna buɗe a kan gado, Sista tana guge rigunan mijinta tana jerawa, sai wayarsa ta yi ƙara a falo. Saura kwana tara su tashi. Shekara huɗu da aurensu ba su taɓa zuwa hutu ba. Ita ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin taimakon gaggawa, shi kuma injiniya a kamfanin ruwa, kullum ana kiransa bututu ya fashe. Bayan ɓarin da ta yi na biyu ne ya rantse sai ya kai ta wata ƙasa mai bakin teku, ko na mako guda ne, ta huta da ganin jini.

Ya shigo fuska a murtuke, ya ce Mama, mahaifiyarsa, na son ganinsu yanzu.

Sista ta san dalili. Shekaranjiya 'yan bindiga sun buɗe wuta a wani otal a ƙasar da za su, sun kashe baƙi masu yawa. Da ta tambaye shi, ya ce can ƙarshen ƙasar ne, tafiyar awa goma daga masaukinsu, ta kuwa yarda.

Sun tarar da Mama zaune, talabijin a kunne an kashe sautinsa, babbar 'yarta da suke kira Yaya tana gefenta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da bam ya tashi a tashar mota ya kashe ɗan Mama na fari. Tun daga ranar, idan Auta, wato mijin Sista, ya yi lattin rabin awa sai ta kira shi sau biyar.

Mama ba ta ko dubi ɗanta ba, Sista ta kafa wa ido.

“Namiji ɗaya ya rage mini,” in ji ta. “Idan yawon buɗe ido ne ya dame ki, ga hanya nan, ki tafi ke kaɗai.”

Yaya ta ƙara da cewa ai Auta da bakinsa ya gaya musu ya so a ɗaga tafiyar, ita ce ta kafe tana kuka. Sista ta waiwayi mijinta, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye.

“Ki yi haƙuri, Mama,” shi ne kawai abin da ta ce.

A mota ya yi ta lallashi, wai don ya kwantar wa tsohuwa da hankali ne, kwana biyu za ta huce. Sista ta juya tana kallon titi.

Washegari a lokacin hutun rana ta biya ofishin da suka shirya musu tafiyar don karɓar fasfo. Matar da ke kan tebur ta ja mata kujera, ta ce ta ga sa hannunta, amma tana son ji daga bakinta. Ta turo mata takarda. A ciki an rubuta cewa gwamnati ta yi gargaɗin kada a je wannan gaɓar teku sai da larura, otal ɗin da aka kai wa hari titi ɗaya yake da nasu, kuma inshorarsu ba ta ɗaukar abin da ya shafi hari. An ba su zaɓin canja ƙasa ko ɗaga tafiya, an ƙi. A ƙasa akwai sa hannu biyu. Na biyun sunanta ne, amma rubutun nasa.

Ta jira shi ya dawo aiki, ta ajiye takardar kusa da farantinsa.

Bai musa ba. Ya ce bayan hari ne ma ake tsaurara tsaro, kuma haɗari ba ya da ƙasa, wansa minti ashirin daga gida ya rasu. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana rayuwa a cikin tsoron Mama, mako ɗaya kawai yake so ya yi numfashi, ya ga matarsa tana dariya.

“Ban musa maka ajali ba,” ta ce. “Ni ce nake karɓar irinsu a kan gadon turawa, na fi ka sanin ba wanda ya fito da shirin mutuwa. Amma ka sa hannu a kan raina ban sani ba, sannan ka ba mahaifiyarka sunana ta tsana. Da ka nuna mini takardar nan, wataƙila da mun yi shawara. Yanzu kam ba ni zuwa.”

Da safe ta soke tikitinta, dole ya soke nasa.

Gidan ya koma kamar ɗakin jira. Ya daina cin abincinta, gaisuwa ma da ƙyar. Makon tafiyar ya zo ya wuce, babu abin da ya faru a ƙasar. Wani abokin aikinsa da ya je ya dawo da hotuna, Auta ya miƙa mata wayar ya ce ga su nan sun dawo da ƙafafunsu. Ta ce alhamdulillahi, ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada ya ji kukanta.

Wajen Mama ma babu sauƙi, a ganinta Auta ne ya yi ta maza ya hana tafiyar. Mahaifiyar Sista ta ce ta je ta wanke kanta mana. Sista ta ce a'a. Jinin Mama ya hau tun ranar harin, idan ta ji ɗanta ne da kansa ya zaɓi wannan titi, ba ta san abin da zai same ta ba. Kowace safiya kafin aiki takan biya ta auna mata jini, Mama ta miƙo hannu ta kau da kai.

A mako na shida motarta ta ƙi tashi, Auta ya kai ta gidan Mama. Ya gaji da jira a waje ya shigo. Daga bakin ƙofa ya ji Yaya tana cewa wadda ta kasa riƙe ciki biyu, maimakon ta nemi magani, sai neman inda za ta kai ɗan mutane a harbe. Sista tana durƙushe tana matsa abin awon, hawaye na ɗiga a kan farar rigarta.

Auta ya zube a gaban mahaifiyarsa.

“Mama, ƙarya na yi miki. Ni ne na kafe. Na ɓoye mata gargaɗin, na sa hannu a madadinta. Ita ce ta soke tafiyar, kuma ni na yi fiye da wata guda ina hukunta ta a kan haka.”

Yaya ta tashi sumui-sumui ta shige ciki. Mama ta dubi ɗanta, ta ce tsoronta ne ya koya masa ƙarya, amma ba ita ta koya masa jingina laifinsa ga mace ba. Ta kamo hannun Sista da nata hannun da har yanzu abin awo ke ɗaure a jiki.

“'Yata, kullum ina kau da kai kina dawowa. Ki yafe mini.”

Sista ta yafe wa Mama nan take. Na Auta ya ɗauki lokaci, shi ma bai matsa ba. Sai bayan wata takwas suka yi hutun, a wata ƙasa daban. A falon Mama suka karanta takardun gargaɗi layi-layi, suka bar mata lambar otal da ta ofishin jakadanci. Tsoronta bai tafi ba, tana kuka ta sa musu albarka.

Babu wanda zai iya yi wa masoyinsa alkawarin hanya marar haɗari. Abin da zai iya shi ne ya gaya masa gaskiyar abin da ke gaba, ya bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe. Auta ya kusa rasa matarsa a cikin gidansa, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, haƙurinta ne kawai ya ba shi damar gyarawa.